Kukan Masu Zaɓe da Shirun 'Yan Majalisa: Tarihin Dokar Bindiga a Amurka



Batun da zan yi magana a kai yau ya shafi ƙasar Amurka, amma a ƙarƙashinsa akwai matsalar da duk mai nazarin sha'anin mulki ya kamata ya tsaya a kanta, watau yadda mafi yawan jama'a za su riƙa neman abu guda shekara da shekaru, wakilan da suka zaɓa da hannunsu kuwa su ƙi yi musu, sa'an nan kuma a sake zaɓen waɗannan wakilai. Abin da jama'ar ke nema shi ne a tsaurara dokar mallakar bindiga. A shekarar 2021 kaɗai mutum fiye da 48,000 ne suka mutu ta hanyar harbi a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa kansu suka kashe. Wani ƙiyasi da aka yi a 2017 ya nuna akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun farar hula, sun fi mutanen ƙasar yawa.

Da yawa suna zaton 'yan majalisar Amurka ba su taɓa motsi a kan wannan al'amari ba. Tarihi bai yarda da haka ba. A zamanin da aka haramta sayar da giya, 'yan daba sun addabi birnin Shikago, har suka kashe mutum 7 a rana ɗaya cikin watan Fabrairu na 1929. A 1933 aka harbi inda zaɓaɓɓen shugaba Franklin Roosevelt yake, harsashin ya sami magajin garin Shikago ya kashe shi. Shekara ta zagayo, a 1934, majalisa ta ɗora harajin dala 200 a kan bindiga mai sarrafa kanta, kuɗi mai yawan gaske a wancan lokaci, ta kuma wajabta yi mata rajista. Haka nan bindigar da aka kashe Shugaba John Kennedy da ita a 1963 ta gidan waya aka aiko wa mai kisan. Da aka kashe Martin Luther King a watan Afrilu na 1968, aka bi da Robert Kennedy a watan Yuni, kafin ƙarshen Oktoba Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta hana irin wannan ciniki ta gidan waya tsakanin jihohi. Johnson ya so a yi wa kowace bindiga rajista, bai samu ba, amma dai an yi doka. A wancan zamani, in jini ya zuba, majalisa takan ji kunya ta yi wani abu, ko da kaɗan ne.

To, a ina aka sauya hanya? A ganina wurare biyu ne, kuma wanda bai fahimce su ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba.

Na farko shi ne birnin Sinsinati a 1977. Ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, wadda aka fi sani da NRA, tsofaffin sojojin yaƙin basasa ne suka kafa ta a 1871 domin koya wa mutane saiti. Kusan shekara ɗari tana harkar maharba da gasar harbi, kuma ba ta tsaya kai da fata wajen hana dokokin 1934 da 1968 ba. A taronta na shekara a 1977, wasu 'yan ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi a ƙarƙashin Harlon Carter suka yi wa shugabannin juyin mulki cikin dare guda, suka karɓe ragama. Daga nan ƙungiyar ta koma ta siyasa tsantsa. Hujjarta ita ce gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791, wanda ya ambaci buƙatar rundunar sa-kai mai tsari, ya kuma ce kada a tauye wa jama'a haƙƙin riƙe makami. Ta shiga ba 'yan takara maki kamar yadda malami ke ba ɗalibai, tana aika wa 'ya'yanta sakamakon gab da zaɓe. Ana yawan maganar kuɗin da take kashewa, kuma lalle tana kashewa, amma ƙarfinta na gaske yana wajen mutanen da suka yarda su jefa ƙuri'a a kan wannan batu shi kaɗai.

Na biyu shi ne zaɓen 1994. An harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, sakataren watsa labaransa James Brady ya nakasa. Shi da matarsa suka yi ta fafutika har aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa a 1993, wadda ta ce dillali mai lasisi sai ya bincika tarihin mai saye kafin ya miƙa masa bindiga. A 1994 aka ƙara da haramta wasu bindigogi masu kama da na soja har tsawon shekara goma. A watan Nuwamba na wannan shekara jam'iyyar Dimokurat ta rasa Majalisar Wakilai bayan shekara 40 tana riƙe da ita, har shugaban majalisar, Tom Foley, ya faɗi a mazaɓarsa. Dalilan faɗuwar suna da yawa, kuma masana har yau suna jayayya a kansu. Sai dai Shugaba Bill Clinton da kansa ya ɗora wa maganar bindiga babban kaso, 'yan siyasa kuma suka riƙe wannan a matsayin darasi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Da wa'adin haramcin ya cika a watan Satumba na 2004, aka bar shi ya mutu ba tare da an sabunta ba. A 1996 ma majalisa ta sa wa hukumar yaƙi da cututtuka sharaɗin da ya sa ta janye daga binciken kisan bindiga, ba a sake ware mata kuɗi domin wannan aiki ba sai a ƙarshen 2019.

Yanzu bari mu zo ga ranar da na ɗauka ita ce ta fi kowace bayyana lamarin. Ran 14 ga Disamba, 2012, wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Kanetikat, ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da manya 6. Ƙasar ta girgiza. Sanatoci biyu, Joe Manchin na Dimokurat da Pat Toomey na Rifablikan, dukansu masu kyakkyawan maki a wajen NRA, suka kawo ƙuduri mai sauƙin gaske: binciken da dillali yake yi a kanti, a yi shi kuma a kasuwannin baje kolin bindiga da cinikin intanet. Ƙididdigar jin ra'ayi ta nuna kusan mutum 9 cikin 10 sun goyi bayan irin wannan bincike, har da masu bindiga da yawa. Iyayen yaran suka tafi Washinton suna bi ofis ofis da hotunan 'ya'yansu. Ran 17 ga Afrilu, 2013, aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Dattijai: 54 suka amince, 46 suka ƙi, ƙudurin ya faɗi. Wasu mata biyu da ke zaune a benen baƙi suka ɗaga murya suna cewa sanatocin su ji kunya, aka fitar da su.

Ɗalibi zai tambaya yaya 54 za su sha kaye a hannun 46. Amsar tana cikin ƙa'idar majalisar: ba a rufe muhawara a kan yawancin ƙudurori sai da ƙuri'a 60, saboda haka sanatoci 41 sun isa su tare hanya. Daɗin daɗawa, kowace jiha sanata biyu gare ta, ko Wayomin mai mutum ƙasa da 600,000, ko Kalifoniya mai kusan miliyan 39, jihohin karkara marasa yawan jama'a kuwa su ne inda bindiga ta fi shiga jinin mutane. Wannan tsari na daidaita jihohi a majalisar dattijai ba baƙo ba ne gare mu, domin daga can Nijeriya ta aro shi a tsarin mulkin 1979, kuma yana da amfaninsa wajen kare ƙananan jihohi. Illarsa ita ce wadda muke gani nan.

Amma ƙa'ida kaɗai ba ta isa bayani ba. Sanatan da ke wakiltar jihar da jam'iyyarsa ta kafu ba ya tsoron babban zaɓe, zaɓen fid da gwani yake tsoro, inda 'yan kaɗan masu zafin ra'ayi ke fitowa. Mutum 9 ɗin nan da suka ce suna son doka, in ranar zaɓe ta zo, wani farashin kaya ke damunsa, wani haraji, wani addini, wani kuwa ba ya ma fita. Na goman, shi bindiga ce kawai ta kawo shi rumfa, kuma ba ya mantuwa. A shekarar 2013 ɗin nan jihar Kolorado ta yi nata dokokin, kafin watan Satumba ya ƙare masu zaɓe sun yi wa sanatocin jihar biyu kiranye, ɗaya daga cikinsu shi ne shugaban majalisar. Duk ɗan siyasar da ke ƙasar ya ga wannan.

A nan ya kamata a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Manomin da gidansa ke nesa da ofishin 'yan sanda, wanda ya gaji bindiga daga kakansa bai taɓa nuna ta ga mutum ba, yana ganin ana so a hukunta shi a kan laifin wani, kuma bai amince cewa ƙaramar doka ba za ta jawo babba ba. Kotun Ƙoli ma ta ba shi gaskiya a 2008, da alƙalai 5 cikin 9 suka yanke cewa riƙe bindiga a gida haƙƙin mutum ne a karan kansa. Saboda haka kwatanta Amurka da Ostareliya, inda aka kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996 gwamnati ta saye bindigogi kimanin 650,000 ta lalata, kwatanci ne da ke buƙatar hattara, domin tsarin mulkin Ostareliya bai ba kowa irin wannan haƙƙi ba.

Bayan 2013 aka shiga wani yayi mai ban takaici: a yi kisa, 'yan siyasa su aika da ta'aziyya da addu'a, a kawo ƙuduri, ya mutu. An kashe 49 a Orlando a 2016, an kashe 58 a dare ɗaya a Las Vegas a 2017. Abin da ya fara sauya lissafin shi ne kisan mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland ta jihar Fulorida a watan Fabrairu na 2018. Ɗaliban da suka tsira sun gane cewa kuka ba ya tsorata ɗan majalisa, sai suka ɗauki dabarar abokan hamayyarsu: suka tara dubban ɗaruruwan mutane a Washinton a watan Maris, suka shiga yi wa matasa rajistar zaɓe, suna kiran sunayen masu karɓar kuɗin NRA. Cikin mako uku Fulorida, wadda ke hannun Rifablikan, ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21.

A tarayya kuwa sai da aka ƙara jira. A watan Mayu na 2022 aka kashe baƙar fata 10 a wani kanti a Buffalo, bayan kwana goma aka kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Teksas. A watan Yuni Majalisar Dattijai ta zartar da doka da ƙuri'a 65 a kan 33, 'yan Rifablikan 15 suna ciki, ita ce babbar doka ta farko cikin kusan shekara 30. Ta tsananta bincike a kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta ba jihohi kuɗi domin lafiyar ƙwaƙwalwa da tsaron makarantu, amma ba ta kai ko abin da Manchin da Toomey suka nema ba, kuma ba ta haramta kowace irin bindiga ba. Sanata John Cornyn, wanda ya jagoranci sulhun daga ɓangaren Rifablikan, ihu aka yi masa a taron jam'iyyarsa a Teksas. A ranar da dattijan suka kaɗa ƙuri'ar, Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar New York da ta taƙaita fita da bindiga bainar jama'a.

A watan Maris na 2023 aka kashe yara 3 da manya 3 a wata makaranta a Nashville. Dubban iyaye da ɗalibai suka cika majalisar jihar Tenesi, wakilai uku suka bi sahunsu suna zanga-zanga daga cikin zauren. Majalisar ta kori biyu daga cikinsu, Justin Jones da Justin Pearson, saboda karya ƙa'idar zama. Cikin mako guda hukumomin yankunansu suka mayar da su, a watan Agusta kuma masu zaɓe suka sake ba su kujerunsu. A wannan wata ne gwamnan jihar ya kira zama na musamman a kan tsaron jama'a, majalisar ta zauna kwanaki kaɗan, ta tashi ba ta taɓa dokar mallakar bindiga ba.