Yadda Ake Sauya Saitunan Ma'ajiyoyin Manhaja Masu Yawa Da Umarni Guda

Ma'ajiyar manhaja wuri ne a intanet da masu gina manhajoji ke ajiye rubutunsu tare da tarihin duk gyaran da aka yi masa. Tsarin da aka fi amfani da shi wajen wannan aiki shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Daga cikin shafukan da ke riƙe irin waɗannan ma'ajiyoyi akwai GitHub, wanda aka buɗe a 2008 kuma kamfanin Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, sai GitLab da Bitbucket.

Kowace ma'ajiya tana da saitunanta: ko a buɗe take ga kowa ko a rufe, wane reshe ne babba, da kuma wanda ke da ikon shigar da gyara. Mai ma'ajiya ɗaya yakan buɗe shafin ya latsa abin da yake so. Amma kamfani ko sashen kwamfuta na wata makaranta mai ma'ajiyoyi 200 zai ɓata yini yana latse-latse, kuma da wuya a gama ba a tsallake wata ba. A nan ne layin umarni yake da amfani, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa.

Yadda aikin yake

GitHub ya fitar da cikakkiyar manhajarsa ta layin umarni mai suna gh a watan Satumban 2020, GitLab kuma yana da tasa mai suna glab. Dukansu suna magana ne da shafin ta hanyar API, ƙofar da aka tanadar wa manhajoji domin su yi abin da mutum zai yi da hannu.

Da farko ana shiga da umarnin gh auth login. Daga nan sai a fitar da sunayen ma'ajiyoyin ƙungiya a zuba su cikin fayil:

gh repo list KUNGIYA --limit 500 --json nameWithOwner --jq '.[].nameWithOwner' > jeri.txt

Idan ba a faɗi adadi ba, guda 30 kawai umarnin yake kawowa, sauran su tsira ba a taɓa su ba. Bayan an karanta jerin an cire waɗanda bai kamata a taɓa ba, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya:

while read m; do gh repo edit "$m" --delete-branch-on-merge; done < jeri.txt

Wannan yana sa kowace ma'ajiya ta riƙa goge reshen da aka riga aka haɗe da babban reshe. Saitunan da gh repo edit bai ƙunsa ba, kamar dokokin kare reshe, ana kai musu ta umarnin gh api. GitHub yana ba mai asusu damar aika buƙatu 5,000 a awa guda, wanda bai shiga da asusu ba kuwa 60 kacal.

Inda haɗarin yake

Umarnin da ke gyara ma'ajiyoyi 200 cikin 'yan mintoci, cikin wannan lokacin ne kuma zai ɓata su. Saitin da ya fi haɗari shi ne na buɗewa da rufewa. Idan aka rufe ma'ajiyar da take a buɗe, taurarin da masu amfani suka ba ta da jerin masu bibiyarta suna gogewa. A 2022 manhajar HTTPie ta yi asarar taurari kusan 54,000 da ta tara cikin shekara 10, bayan an rufe ma'ajiyarta bisa kuskure. Latsawa ɗaya ce a kan ma'ajiya ɗaya ta jawo hakan.

Buɗe wadda take a rufe ya fi muni, domin duk tarihinta ne ke fitowa fili, har da kalmomin sirrin da aka taɓa mantawa a ciki. A watan Oktoban 2022 kamfanin Toyota ya sanar cewa wani mabuɗin shiga ya shafe kusan shekara 5 a buɗe a GitHub, lamarin da ya jefa bayanan abokan cinikinsa kimanin 296,000 cikin haɗari.

Batun sabis

Git yana aiki ko babu intanet, domin kowace kwamfuta tana ɗauke da cikakken kwafin rubutun. Saituna kuwa a shafin suke zaune, ba a taɓa su sai da sabis. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga matasan da ke koyon gina manhaja a Funtuwa da Malumfashi, waɗanda suna cikin ƙananan hukumomin Jihar Katsina 13 da aka katse wa layukan sadarwa a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. Idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, wasu ma'ajiyoyin za su sauya, wasu su zauna yadda suke, kuma babu umarnin da ke mayar da komai baya da kansa.

Saboda haka ƙwararru sukan adana saitunan da ake da su a fayil kafin su fara, su gwada umarnin a kan ma'ajiya ɗaya ta gwaji, sannan su riƙa rubuta sunan duk wadda aka gama da ita. Sukan kuma yi amfani da mabuɗin shiga mai taƙaitaccen iko da wa'adin ƙarewa, su soke shi da zarar an kammala. Ƙungiyoyin da ke yawan wannan aiki sukan rubuta saitunansu a fayil da manhaja irin ta Terraform, yadda wani zai duba kowane sauyi ya amince kafin a zartar da shi.