Rajistar jariran da ba su zo da rai ba a Sikotland

Rajistar jariran da ba su zo da rai ba kundi ne na hukuma a ƙasar Sikotland, inda ake rubuta bayanin jaririn da aka haifa a mace. An fara wannan rajista ranar 1 ga Janairu 1939. Shekarar na da muhimmanci ga masu binciken tarihin zuri'a, domin ita ce ke nuna inda za a nemi bayanin irin wannan jariri.

Tarihi

Sikotland ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a hukumance ranar 1 ga Janairu 1855, amma tsarin bai shafi jaririn da aka haifa a mace ba. Wanda ya zo da rai, ko da ya rasu bayan 'yan mintuna, ana rubuta shi a rajistar haihuwa da ta mutuwa. Wanda bai zo da rai ba kuwa ba ya shiga ko ɗaya. Dokar 1938 ce ta wajabta rajistarsu, bayan Ingila da Wales sun fara a 1927. Tun daga farko kundin na Sikotland yana ɗauke da dalilin mutuwar jaririn.

Da farko dokar ta shafi cikin da ya wuce mako 28. A 1992 aka mayar da shi mako 24. Ana yin rajistar cikin kwana 21.

Samun bayanai daga 1939

Kundin yana hannun hukumar adana bayanan ƙasa ta Sikotland, wadda ake taƙaita sunanta da NRS, a birnin Edinburgh. Ba a buɗe shi ga jama'a ba, kuma ba ya cikin bayanan da ake bincikawa a shafin ScotlandsPeople. Ana neman kwafi ne ta hanyar rubuta wa hukumar, kuma galibi iyaye ko dangi na kusa ake ba wa.

Kafin 1939

Tun da babu rajistar hukuma a wancan lokaci, masu bincike kan duba wasu kundaye:

Littattafan maƙabartu. Nan aka fi samun bayani. Sau da yawa ba a raɗa wa jaririn suna, saboda haka ana rubuta shi da sunan mahaifinsa. Da yawa an binne su a kabarin haɗaka da babu alama a kai.

Littattafan coci. Wasu majami'u sun rubuta binne irin waɗannan jarirai, amma ba kowace majami'a ce ta adana bayanan mutuwa ba.

Bayanan asibitocin haihuwa. Na yankin Lothian suna ajiye a Jami'ar Edinburgh. Akan taƙaita duba bayanan marasa lafiya na tsawon shekaru.

Jaridu. Wasu iyalai, musamman masu hali, sukan sa sanarwa a shafin haihuwa.

Ƙidayar jama'a ta 1911 ta tambayi matan aure yawan 'ya'yan da suka haifa da rai ne kawai, don haka ba ta lissafa waɗannan jarirai ba. Doguwar tazara tsakanin 'ya'ya biyu a iyali na iya zama manuniya, amma ba hujja ba ce.

Littafin tunawa

A 2023 gwamnatin Sikotland da NRS suka buɗe littafin tunawa domin waɗanda suka yi ɓari kafin mako 24. Shiga cikinsa na ganin dama ne kuma kyauta, kuma ana karɓar ɓarin da ya faru shekaru da dama da suka wuce. Takardar shaidar da ake bayarwa ta tunawa ce, ba ta da matsayin doka.