Suleja

Suleja gari ne a Jihar Neja, Najeriya, kusa da Dutsen Zuma, daf da iyakar Babban Birnin Tarayya. Shi ne asalin garin da ake kira Abuja.

Tushensa yana Zariya. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, rundunar Malam Musa ta ci birnin Zazzau, sai Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka wajen Zuba, ƙasar Koro da Gwari. Bayan rasuwarsa a 1825 ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828. Abubakar mutum ne mai hasken fata, shi ya sa ake ce masa Abu Ja, laƙabin kuwa ya bi garin. Masarautar ta riƙe 'yancinta har zuwan Turawa a 1902.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi yankin don gina sabon babban birni. Masarautar ta ba da ƙasa, ta kuma ba da suna. Sai aka sake wa tsohon garin suna daga na sarkin lokacin, Sulaimanu Barau: Sule, aka haɗa da “ja” ɗin nan na da.

A nan Ladi Kwali ta yi fice wajen ginin tukwane. Har yau sarautar garin Sarkin Zazzau Suleja ake kiranta.