Tarihin Littafin Saurare: Daga Makafin Yaƙi Zuwa Wayar Aljihunka

Bismillahir Rahmanir Rahim.



 Abin da ya jawo rubutun wannan mako abin kunya ne da ya same ni, amma zan faɗe shi ko wani zai amfana. Wani daren Alhamis, bayan sallar isha'i, na toshe kunnuwana da niyyar sauraron kashi ɗaya tak na wani labarin binciken kisan kai da ake karantawa a YouTube. Kashi ɗaya ya zama huɗu, huɗu suka zama tara, domin duk inda mai karatun ya tsaya, a bakin wata ƙofa ce da ba a buɗe ba. Ban san sa'ad da barci ya sace ni ba. Ko da na farka gari ya waye tangaran, kiran sallah da jam'i duk sun wuce ni, muryar kuwa tana nan tana zuba a kunnena.

Bayan na yi sallah na yi istigfari, sai na tambayi kaina: wa ya saƙa wannan igiya da ta ɗaure ni haka? Amsar tana cikin tarihi.

Kunne Ya Girmi Kaka

Sauraron labari ya riga karanta shi da nisa. Mu kanmu a gaban kakanninmu muka fara sanin daɗinsa, daga "ga ta nan ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus". Sai dai tatsuniya tana da shinge. Da dare ake yin ta, bayan an gama aikin gida an ci tuwo. Wanda ya matsu ya yi ta da rana kuwa, sai an ce ya fara ɗaure Gizo. A cikin jama'a ake yin ta, kuma idan kaka ta gaji ta ce a tashi, magana ta ƙare.

Dabarar yanke labari a daidai inda ya fi daɗi ita ma tsohuwa ce. A Dare Dubu da Ɗaya, da ita Shaharzad ta tsirar da wuyanta: asuba na yi sai ta yi shiru, sarki kuwa ya ɗage kisanta don ya ji ƙarshen zance. A cikin littafin har akwai labarin binciken kisa, inda aka tsamo akwati daga kogin Dijla da gawar wata mace a ciki, Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya nemo wanda ya aikata. Haka kuma a littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya wallafa a 1937, da labarai aku ya riƙe Musa ɗan sarki dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ka riƙe wannan aku a ranka, ya kai mai karatu, za mu komo gare shi.

Mako-Mako a Ingila

A ƙarni na 19 ne Turawa suka mayar da wannan dabara jarin kasuwa. Littafi cikakke yana da tsada a lokacin, sai mawallafa suka riƙa sakin labari kashi-kashi a mujallu masu arha. Charles Dickens yana da wata mujallar mako-mako mai suna All the Year Round. A cikinta ne Wilkie Collins ya fitar da The Woman in White daga Nuwamba 1859 zuwa Agusta 1860, cikin kashi 40, kowane kashi yana ƙarewa da abin da zai hana mutum sukuni har mako ya zagayo. A gidaje da yawa mutum ɗaya ne ke karantawa da ƙarfi, sauran iyali suna saurare.

A zamanin ne kuma nau'o'in labaran da ke cike da wayoyinmu suka kafu. Edgar Allan Poe na Amurka ya fito da labarin mai bincike mai gano laifi da kaifin hankali a 1841. Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro Sherlock Holmes a 1887. A 1908 aka kafa kamfanin Mills & Boon a Landan, wanda daga baya ya mayar da hankali kacokan kan labaran soyayya. To amma har a nan akwai sauran shinge: in ka gama kashin wannan mako, dole ka yi haƙurin kwana bakwai.

Waɗanda Yaƙi Ya Makantar

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke naɗar murya ta maimaita ta. Shekara guda bayan haka ya lissafa amfanin da yake hasashen za a yi da ita, ciki har da littattafan da za su yi wa makafi magana. Sai dai na'urorin farko 'yan mintoci kaɗan suke ɗauka, don haka burin ya kwanta fiye da shekara 50.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tayar da shi. Sojoji masu yawa sun komo gida ba idanu, kuma koyon rubutun makafi na shafawa da yatsa yana yi wa wanda ya makance da girmansa wuya. Cikinsu akwai Ian Fraser, wanda harsashi ya makantar a fagen daga na Somme, a Faransa, a 1916, yana ɗan shekara 18. Shi ne ya tsaya kai da fata, tare da cibiyar makafi ta Ingila, har aka samu faifan garmaho mai juyawa a hankali, wanda kowace fuska tasa ke ɗaukar kimanin minti 25. A Amurka an fara raba wa makafi irin waɗannan fayafayai a 1934, a Ingila kuwa a Nuwamba 1935.

Cikin littattafan farko da aka naɗa a Ingila akwai The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, wanda ya fito a 1926. Wanda bai karanta shi ba ya yafe mini, domin zan fasa ƙwai: likitan da ke ba da labarin da bakinsa, mai ladabi da taushin harshe, wanda ke taya mai binciken aiki, shi ne ya yi kisan. Wato tun ranar farko, littafin saurare ya zo da gargaɗinsa: daɗin murya ba shaidar gaskiyar mai ita ba ne.

Kada mu manta da wannan asali. Rahama ce aka nufa da shi ga wanda ya rasa gani, kuma har gobe rahama ce ga makaho, da majinyaci, da wanda bai samu zarafin koyon karatu ba.

Daga Kaset Zuwa Waya

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. A 1975 wani Ba'amurke, Duvall Hecht, wanda ya gaji da doguwar tuƙin zuwa aiki a jihar Kalifoniya, ya kafa kamfanin Books on Tape, yana ba masu lafiyar ido hayar littattafai a kaset. A 1979 Sony ya fito da Walkman, ƙaramar rikoda mai abin toshe kunne. Daga nan sauraro ya tashi daga na ɗaki guda ya koma na mutum guda. A 1995 aka kafa Audible, wanda ya fara sayar da littattafan murya ta intanet. Na'urarsa ta 1997 sautin kimanin awa biyu kawai take ɗauka. Amazon ya saye shi a 2008 kan kusan dala miliyan 300. Yanzu wayar da ke aljihunka tana iya ɗaukar abin da ba za ka gama ji a shekara ba.

Mu ma Musulmi mun ci moriyar wannan fasaha. A 1961 Sheikh Mahmud Khalil Al-Husari ya kammala naɗar Alƙur'ani gaba ɗaya da tartili a Masar, da ruwayar Hafs, sannan a 1964 aka buɗe gidan rediyon Alƙur'ani a Alƙahira. Kaset ɗin da ya ɗauki labarin ɓarayi shi ne ya kai tafsiri ƙauyukan da malami bai taɓa takawa ba.

A Ƙasar Hausa

Ƙagaggen labari na boko ya fara ne da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Daga shekarun 1970, 'yan sakandare sun sha karanta James Hadley Chase da Mills & Boon, da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda a cikinsa Mohammed Sule ya fitar da The Undesirable Element a 1977. A 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya. A 1982 aka samu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, kan 'yan ta'adda.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa, musamman mata, suka shiga buga littattafansu da kansu. Nan aka samu Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Akan raba labari zuwa na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke shi inda ya fi zafi, tamkar yadda Collins ya yi. Shagunan haya suka bazu a unguwanni. Gidajen rediyo suka ware filayen karanta littattafai, mata suna aikin gida suna saurare, in an gama a tattauna da kishiya ko maƙwabciya. Mata da dama sun kyautata karatun bokonsu ne saboda waɗannan littattafai, waɗanda suka taɓo auren dole, da zaman kishi, da ilimin 'ya mace.

Ba a rasa masu suka ba, kuma wani sukan yana kan hanya, domin akwai marubutan da suka ƙetare iyaka. A watan Mayun 2007, gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona wasu littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wuta ta ci takarda, labari kuwa ya sauya sheƙa. Cikin shekarun da suka biyo baya ya koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, sannan ya koma murya a YouTube. Akwai kuma ƙoƙari mai tsari, kamar gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, inda ake karanta gajerun labaran mata a rediyo.

Kammalawa

In ka duba wannan tafiya, za ka ga kowane zango shinge ɗaya ya tsuge. Garmaho ya kawar da buƙatar mai karanta maka. Kaset ya fitar da labari daga ɗaki. Abin toshe kunne ya raba ka da abokan sauraro. Intanet ta kawar da jiran mako, domin kashi na gaba yana kunna kansa tun kafin ka yi shawara. A da uwa takan tsinci littafi ƙarƙashin matashin 'yarta ta duba. Yau suna ɗaki guda ba ta san abin da ke shiga kunnenta ba. Ba kaka, ba ƙurunƙus. Shinge ɗaya ya rage, shi ne mai sauraren kansa.

Ni ba mufti ba ne, hukunci na malamai ne. Abin da na sani shi ne, Alƙur'ani ya kira ƙissar Annabi Yusuf (AS) mafi kyawun labari, kuma a cikinta akwai makirci, da fitinar so, da riga da ta zama shaida. Na kuma san aya ta 36 a Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk ababen tambaya ne.

Ga abin da na ɗaukar wa kaina tun daga wancan dare. Na kashe kunna-kai a wayata. Na ware wa labari yammacin Asabar da lokacin tafiya a mota, bayan na sauke wazifata ta Alƙur'ani. Duk labarin da ba zan iya kunna shi a fili gaban mahaifiyata ba, na bar shi. In na gama littafi kuma, nakan ba wani labarinsa, don in ji ko akwai abin da ya rage a hannuna.

Akun Magana Jari Ce ya riƙe Musa ne don ya tsare shi daga halaka. Nawa akun ya riƙe ni daga sallar asuba. Kai ma, ɗan'uwa, ke ma, 'yar'uwa, a tambayi aku na aljihu: daga me yake riƙe mu?

Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu, Ya sanya albarka a lokutanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.