Ɗan da wani ya rena: rashin uba a labaran Hausa, daga Zariya zuwa Lugu

A shekarar 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, aka buga littattafan a 1934. Abin lura shi ne yadda waɗannan labarai na fari suka ɗauko yaro suka raba shi da mahaifinsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa bai san ubansa ba. Makau, mijin uwarsa, shi ya tsaya masa, shi ma makircin fadawa ya sa aka kore shi daga Kagara. Daga bisani Balarabe Abdulkarim ya ɗauki yaron a matsayin ɗa, ya sa shi karatu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, don ya wanke mijin uwarsa daga wulaƙancin fada ne Alhaji ya shiga duniya. Jiki Magayi kuwa ya fi su ɗaci: uban yana raye, amma Kyauta ya lalace, har ya kashe shi da hannunsa bai sani ba.

Marubutan ba su aro wannan daga littattafan Turawa ba, a gida suka tarar da shi. Kunyar ɗan fari takan hana uba ko ambaton sunan ɗansa, riƙo kuma yakan kai yaro gidan kaka ko baffa ko kawu, almajiranci ya miƙa shi ga malam. Ke nan ko uba na nan, sau da yawa wani ne ke koya wa yaro zama namiji. Zamanin mulkin Faransa ya ƙara wa abin nauyi a ƙasar Arewa: aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, da biyan haraji, da cin rani zuwa Kumasi da Ikko, suka kwashe magidanta watanni ko shekaru. Wannan tafiya ce Mahamadu Halilu Sabbo ya rubuta a Abboki, a 1978, inda abokan hanya suke maye gurbin dangi. Ƴan'uwantaka ce ta larura, mai zafi, mai saurin tsinkewa.

Amma labarin da ya fi shafar mutanen Dogon Dutsi shi ne Sarraounia na Abdullahi Mamani, wanda ya fito da Faransanci a 1980. Tarihi ya tabbatar da cewa a watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, aka gwabza. Ƙuruciyar Sarauniya kuwa Mamani ne ya gina ta: uwa ta rasu wajen haihuwa, uba ya danƙa jinjirar ga amininsa Dawa, wanda ya koya mata harbi da baka da sanin itatuwan magani. Duk horon da labaran Zariya suka ba ɗa namiji ta hannun uban riƙo, Mamani ya ba ɗiya mace. A nan ya fi magabatansa wayo, ko da yake ya yi nisa da Sarauniyar da ƴan Lugu suka sani, mai riƙon al'adar Azna wadda ba ta cika fita daga gidanta ba. Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, ya bi Mamani, kuma wannan jarumar ce ƴan makaranta da dama suke ɗauka ita ce ta tarihi.