Maki, garba da cukuya: yadda ake cin abinci a waje a birnin Abijan

Maki, wanda ake rubutawa maquis da Faransanci, shi ne sunan da mutanen Kodebuwa ke kiran gidan cin abinci da shan abin sha na talaka da mai matsakaicin ƙarfi. Yawanci a fili yake: rumfar kwano ko tsakar gidan wani, kujerun roba, tebura, murhun gawayi a bakin ƙofa, sai akwatin talabijin da amsa-kuwwa. A Abijan, birnin da ƙidayar 2021 ta nuna yana da mutane fiye da miliyan 5, da wuya a sami unguwar da babu shi. Daga can sunan ya bazu zuwa Wagadugu da Yamai da Kwatano da Lome.

Abin da ke rikita baƙo shi ne kalmar guda ce amma wuraren ba iri ɗaya ba ne. Akwai makin da mace ke tuƙa abincin rana ta tashi kafin la'asar, akwai kuma wanda mashaya ce tsantsa, ba a buɗe ta sai bayan magariba. Ɗan kasuwar da ya sauka a Adjamé daga Maraɗi ko Garwa, aka ce masa "mu je maki", yana da dalilin ya tambaya: wane iri?

Asalin sunan

A Faransanci maquis na nufin ƙurmin ƙananan itatuwa irin na tsibirin Kosika, inda masu gudun hukuma ke ɓuya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kira 'yan gwagwarmayar Faransa da suka shige daji suna yaƙar Jamus da wannan suna. Bayanin da aka fi ji a Abijan shi ne cewa makin farko a ɓoye suke cikin gidajen mutane, ba rajista ba haraji, sai wanda ya sani ne ke kai wanda bai sani ba. Yau ɓuya ta ƙare, wasu har da allon suna mai walƙiya da masu gadi, amma har yanzu makin da ya fi daɗin abinci sau da yawa yana cikin lungu, ba a kan titi ba.

Yadda wurin ke aiki

A maki da yawa, mai abin sha daban, mai abinci daban. Mai wurin shi ke da kujeru da firiji da kiɗa, ribarsa a kwalba take. Matar da ke gashin kifi ko kaza a bakin ƙofa sana'ar kanta take yi. Saboda haka lissafi biyu ake kawowa, kuma wanda ya biya kuɗin lemo ya miƙe zai ji ana kiransa daga wajen murhu.

Kifi ba a odarsa daga takarda. Mutum kan je wurin mai gashi ya nuna wanda yake so, ta faɗi kuɗi gwargwadon girmansa, a daidaita kafin a ɗora a wuta. Wanda bai tambayi farashi ba tun farko, shi ya jawo wa kansa gardamar ƙarshe. Daga nan sai haƙuri, domin gashin gawayi kan ci rabin sa'a ko fiye. Kafin abinci ya iso ana kawo ruwa a roba da sabulu a wanke hannu, don da hannu ake ci, sau da yawa a faranti guda. Ana biya da tsabar kuɗi ko ta waya, ta Wave ko Orange Money ko MTN, kuma rashin canji tsohuwar matsala ce a birnin, don haka riƙe ƙananan kuɗi dabara ce.

Abin da ake ci

Uwar abincin maki ita ce aceke (attiéké), wani irin dambun rogo mai ɗan tsami. Ana fere rogo, a niƙa shi tare da ɗan rogon da aka riga aka tsimar, a matse ruwan, a murza shi ya zama tsaki-tsaki, a shanya kaɗan, sannan a turara. Asalinsa na ƙabilun bakin tafki ne na kudancin ƙasar, irin su Ebrié da Adjoukrou da Alladian da Avikam, kuma aikin mata ne tun kaka da kakanni. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya fasahar yin aceke cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Da shi ake cin gasasshen kifi, galibi karfasa ko giwan ruwa, da gasasshiyar kaza, an zuba yankakkiyar albasa da tumatir a kai, ga yaji a gefe. Aloko kuma soyayyar agada ce, wato babbar ayabar da ake dafawa, wadda ta nuna sosai har ta yi zaƙi. Tana da dandalinta na musamman a Cocody, Allocodrome, inda masu suya da masu gashi ke jere, iyali na zuwa da yara tun da yamma. Kejenu (kédjénou) girkin Baoulé ne: kaza da kayan miya a tukunyar ƙasa da aka rufe ruf, ba a zuba ruwa sosai, ba a buɗewa a juya, sai dai a riƙa girgiza tukunyar har naman ya dahu a cikin ruwan jikinsa. Da rana an fi cin futu, sakwarar agada da rogo ko ta doya, da plakali, tuwon rogo mai laushi, da miyar kwakwar manja ko ta gyaɗa ko ta kuɓewa.

Garba

A nan ne labarin ya taɓo Hausawa kai tsaye. Garba aceke ne da soyayyen kifin ton, wato tuna, a barbaɗa ɗanyen attarugu da albasa, wani lokaci da tumatir, a murmushe dunƙulen magi, a kwarara man da aka soya kifin. Bayanin da aka fi ji a Abijan shi ne cewa abincin ya ɗauki sunansa daga 'yan Nijar da suka fara sayar da shi, waɗanda Garba ya yi yawa a cikin sunayensu. Har yau maza ne suka fi riƙe sana'ar, kuma 'yan Nijar na da yawa a cikinta, ko da yake 'yan ƙasa sun shigo. Rumfar da ake sayarwa ana ce mata garbadrome.

Abin da ya sa garba ke da araha yana tashar jiragen ruwa. Abijan na cikin manyan tashoshin sauke kifin ton na Afirka, tana da masana'antun sa shi a gwangwani don kai wa Turai. Kifin da ya yi ƙanƙanta ko ya ƙuje, wanda masana'antu ba sa karɓa, shi ake kira faux thon, a sayar wa kasuwar gida. A jirgi cikin ruwan gishiri mai sanyi ake adana shi, shi ya sa yake zuwa da gishirinsa. Rogo kuwa na gida ne. Haɗuwar waɗannan biyu ta samar da abincin da ke riƙe ciki tun safe har yamma, kuma ya yi ƙarfi a shekarun 1990, zamanin matsin tattalin arziki da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, lokacin da ɗalibai da leburori suka fi bukatar abin da zai cika ciki da kuɗi kaɗan. Farashi ya hau tun daga lokacin, amma galibi da dala ɗari zuwa jaka guda, wato sefa 500 zuwa 1,000, mutum kan ƙoshi.

Tsarin saye ma nasa daban ne. Mai saye ke soke yankan kifin da yake so da cokali mai yatsu, ya faɗi na nawa yake son aceke, mai garba ya auna masa. Aibin garba ba ɓoyayye ba ne: man da ake maimaita suya da shi har ya yi baƙi, da gishiri da magi da suka yi yawa. Mai hawan jini ya kamata ya yi hattara, kuma garban safe, lokacin da mai ke sabo, ya fi na yamma.

Ba garba kaɗai ba ne sawun Hausawa a cin abincin titi. Cukuya (choukouya), gasasshen naman rago ko na sa ko kaza da ake yankawa a takarda da yaji da albasa, ana danganta sunansa da kalmar suya, kamar yadda ake cewa soya a Kamaru, kuma mahauta daga Nijar da sauran ƙasashen Sahel ne suka shahara da shi. Mai teburin kofi da madara da burodi da ƙwai na asuba kuwa, a Abijan aboki ake kiransa. Baƙon da ya rasa inda zai dosa, in ya yi sallama da Hausa a wurin mai cukuya, sau da yawa za a amsa masa.

Dare da kiɗa

Bayan isha'i maki kan sauya kama. Giya ke tafiyar da kasuwar dare, kamfanoni biyu ne kuma ke gasa a kanta: Solibra, wanda ya daɗe, da Brassivoire na Heineken da CFAO, wanda ya buɗe masana'antarsa a 2017. Kiɗan zuglu, wanda ya fito daga ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a a farkon shekarun 1990, da kupe-dekale na farkon shekarun 2000, duk a maki suka yi ƙarfi. Yopougon, gundumar da ta fi kowace yawan jama'a, ita ce cibiyar wannan rayuwa, kuma titinta Rue Princesse ya yi suna har Henri Duparc ya yi fim da sunansa. A Agustan 2011 hukuma ta rushe gine-ginen da ke bakin titin a wani aikin tsabtace birni ƙarƙashin minista Anne Ouloto. Sana'ar ba ta mutu ba, ta watsu ne zuwa wasu tituna na Yopougon da Marcory da Cocody.

Maki kuma shi ne gidan kallon ƙwallo na wanda ba shi da tikiti. Daren 11 ga Fabrairun 2024, da Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, mutane da yawa a birnin a irin waɗannan wurare suka kalla.

Abin da Musulmi zai lura da shi

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kashi 42 cikin 100 na mutanen ƙasar, don haka tambayar ko nama halal ne ba baƙuwa ba ce, ba kuma wanda zai ji haushinta. Abubuwa uku ne ke bukatar ido. Na farko naman alade, wanda ake gasawa a tanda ana kiransa porc au four. Yana da masu sayar da shi na musamman, amma sukan kafa tebur a ƙofar makin giya. Na biyu naman daji, musamman gyazbi da suke kira aguti, wanda ba a san yadda aka kashe shi ba. Gwamnati ma ta taɓa hana sayar da shi a 2014 saboda cutar Ebola. Na uku miyar da ake haɗa nama iri-iri da ƙaguwa da dodon-koɗi a tukunya guda. Kifi ya fi sauƙin sha'ani, shi ya sa baƙi da yawa ke tsayawa a kansa.

Wanda ba ya son zama inda ake shan giya yana da mafita. Makin rana da rumfunan garba abinci ne kasuwarsu. A Treichville da Adjamé da Abobo da Koumassi akwai gidajen abinci na 'yan Senegal masu dafa-dukar shinkafa da kifi, da kiyos na 'yan Gini masu kofi da taliya da ƙoda. Abin sha mara maye ma ba ya wuya: bisap, wato zoɓo, da nyamakuji, lemon citta mai yaji. Mai son kifin wani makin dare kuma yana iya cewa a ƙunshe masa ya tafi da shi masauki, abu ne da aka saba.

Zaman sana'ar bai da tabbas kamar yadda yawan wuraren ke nunawa. A Maris 2020 an rufe maki da mashaya da gidajen abinci saboda korona, sai a watan Mayu aka sake buɗe na Abijan. A 2024 hukumar gundumar Abijan ta yi rusau a unguwanni da dama, ta kuma hana talla a manyan tituna. Masu garba da cukuya, waɗanda da yawansu baƙi ne masu rumfa a bakin hanya ba tare da takardar fili ba, suna cikin waɗanda irin wannan mataki ke fara taɓawa. Don haka rumfar da wani ya kwatanta wa ɗan'uwansa bara, mai yiwuwa bana ta koma layi na biyu ko na uku daga titi.