Yadda Badujalar Soja Ta Zama Makarantar Mabusa a Faris

A ƙasar Hausa, in ka tambayi mai algaita inda ya koyi busa, yawanci zai ce maka gado ne. A Faransa ma kusan haka abin yake a dā. Yaro yakan koya wurin ubansa, ko a makarantun mawaƙa na manyan majami'u, ko cikin soja. In ya ƙware, sai ya nemi gidan wani basarake ya riƙa yi masa busa. Ran da maigida ya mutu ko ya tsiyace, mabushi ya rasa abinci.

Juyin mulkin shekara ta 1789 ya rushe wannan tsari. Aka rufe makarantun majami'u, masu sarauta da yawa suka gudu. Amma sabuwar gwamnati tana bukatar busa fiye da ta dā, gama ga yaƙi a gabanta, ga kuma bukukuwa a fili inda dubban mutane suke taruwa. Muryar goge ba ta kai nesa a fili, ta ƙaho kuwa tana kaiwa.

Wani hafsa mai suna Bernard Sarrette ne ya ga wannan. Ya tattara mabusa da makaɗa 45 daga tsohuwar rundunar sarki, ya mai da su badujalar dakarun tsaron birnin Faris. A 1792 aka ba shi izini ya buɗe makaranta kyauta domin yara 120, 'ya'yan dakarun. A ran 3 ga Agusta 1795 doka ta mai da ita babbar makarantar kiɗa ta ƙasa, wadda Faransawa suke kira Conservatoire, da malamai 115 da gurbin almajirai 600. Malaman kilarinet kaɗai sun fi goma, domin rundunoni ne suke jiran almajiransu.

Abu biyu makarantar ta kawo. Na fari, aka sa malamai su rubuta littafin koyarwa, domin kowane almajiri ya bi hanya ɗaya. Xavier Lefèvre ya fitar da na kilarinet a 1802, Étienne Ozi ya fitar da na basun, wato doguwar algaita mai kaurin murya, a 1803. Na biyu shi ne gasar ƙarshen shekara, kuma ita ce ta fi nauyi. Almajiri yakan tsaya gaban alƙalai da jama'a, ya busa waƙar da aka zaɓa wa ajinsu duka, sa'an nan a ajiye masa wata takardar kiɗa da bai taɓa gani ba, ya busa ta nan take. Wanda ya ci lambar fari, ƙofar aiki a gidan wasan opera ko babbar ƙungiyar makaɗa ta buɗe masa. Wanda ya yi ta faɗuwa, a sallame shi. A ganina akwai tsanani a auna aikin shekaru da 'yan mintoci, amma dai ɗan talaka ya sami hanyar da ba ta bi ta ƙofar basarake ba. Daga baya manyan masu tsara kiɗa suka riƙa rubuta waƙoƙi musamman domin gasar: Gabriel Fauré ya rubuta ta sarewa a 1898, Claude Debussy kuma ta kilarinet domin gasar 1910.

Sai dai makarantar gwamnati tana tashi tana faɗuwa tare da gwamnati. Adolphe Sax, mutumin Baljiyam wanda ya ƙirƙiro saksofon ya kuma yi masa rajista a 1846, ya fara koyar da shi ga almajiran soja a 1857. Sa'ad da Faransa ta sha kashi a yaƙin 1870, aka rufe ajin. Sax ya mutu a 1894 cikin talauci, ba a kuwa sake buɗe ajin saksofon ba sai 1942, a hannun Marcel Mule. Shekara 72 ke nan.

Ajin sarewa ya fi sa'a. Paul Taffanel ya ci lambar fari a 1860, ya yi aiki a gidan opera, ya komo malami a 1893. Almajiransa ne suka yaɗa sarewar azurfa da busa mai laushi irin ta Faransawa zuwa ƙasashe da dama.

Labarin ingancinsu ya haye teku. A 1905 Walter Damrosch, shugaban wata ƙungiyar makaɗa a New York, ya je Faris ya ɗauko mabusa biyar. Ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan birnin ta ci shi tara saboda ya tsallake 'yan gida, amma baƙin suka zauna. Cikinsu akwai Georges Barrère, almajirin Taffanel, da wani saurayi ɗan shekara 18, Marcel Tabuteau, mai busa obo, 'yar'uwar algaitarmu.

Mai karatu ya sani, mai obo ba busa kaɗai yake koya ba. Da wuƙa yake feƙe ɗan karan da yake sa wa a baki, kuma in karan bai yi daidai ba, duk gwanintarsa muryar ba za ta fito ba. Tabuteau ya sake yadda ake feƙe shi, har ya sami murya mai zurfi wadda ta zama ta Amurkawa. Ya riƙe kujerar babban mai obo a ƙungiyar makaɗan Filadelfiya daga 1915 zuwa 1954, yana kuma koyarwa a makarantar Curtis ta birnin. Almajiransa sun cika manyan kujerun obo na Amurka. Da ya ajiye aiki ya koma Faransa, inda ya rasu a 1966, kujerarsa kuwa ta koma hannun almajirinsa John de Lancie.